Amsa ga ƙanenmu mai son ajiye aiki ya buɗe nasa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na karanta tambayarka. Shekara biyu kana rubuta manhaja a kamfanin da ya fara ɗaukar ka aiki, yanzu kana so ka tsaya da ƙafarka, Babanka kuma ya ce bai yarda ba. Ni ma na bi ta nan, bari in ba ka labarin yadda ta kaya da ni.

Na ajiye aikina a Abuja a watan Satumban 2022, na dawo Kano da wata manhaja ta lissafin kaya da bashi, wadda na shafe wata shida ina rubutawa cikin dare. Duk abokin da na nuna wa sai ya ce, "Kai, wannan abu ya yi!" Ni kuwa na ɗauka yabo ciniki ne. Da na shiga Kantin Kwari da ita, Alhajin farko da ya saurare ni ya bari na gama bayani tas, sannan ya jawo littafinsa mai bangon kwali ya ce, "Yaro, wannan ba ya cin caji, ba ya cin data." Yaran shago kuwa ko ganina ba sa son yi. Sai daga baya na gane dalili: abin yana nuna kowane yadi da ya fita. Wata huɗu ko sisi bai shigo ba, kuɗin da na tara yana ta zurarewa.

Abin da ya fitar da ni ba dabarata ba ce. Ƙarancin takardun Naira ne na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Kowa ya koma tiransifa dole, mai shago ya wuni alat na shigo masa, bai san wanne ne na wane ba, ga masu nuna alat na bogi. Wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko abin nawa zai iya haɗa kowane kuɗin da ya shigo da cinikin da aka yi. Na zubar da kusan duk kwalliyar da na ɓata dare a kanta, na tsaya kan wannan kaɗai. Shi ne mutum na farko da ya biya ni, kuma shi ya kawo mini maƙwabtansa biyu.

Nan ma na sake tafka kuskure: na sayar musu sau ɗaya, an biya an gama. Saba kuwa, wato kwamfutar haya ta intanet da manhajar ke zaune a kai, da Dala ake biyan ta duk wata. A Yunin 2023 aka saki Naira, Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga cire tallafin mai, janareta ya zama abin tsoro. Komawa wurin mutumin da ya riga ya biya ka ce masa yanzu duk wata zai riƙa biya, wallahi ya fi rubuta manhajar wuya. Wasu sun watsar da ni.

Don haka shawarata, kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai mutum uku waɗanda ba danginka ba, ba abokanka ba, sun ciro kuɗi sun biya ka. Ka kuma tara abin da zai riƙe ka wata shida aƙalla, har da abin da kake aikawa gida. Ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta da kyau, domin wasu kamfanonin suna rubuta cewa abin da ka ƙirƙira kana ma'aikacinsu nasu ne. Kada ka taɓa aikin kanka da kwamfutar ofis. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da buɗe asusu da sunan ba su da wahala, kada su ɗauke maka hankali.

Ka fita ta ƙofa, ka ba da notis, ka miƙa aiki yadda ya kamata. Tsohon ogana ne ya turo mini kwangilar da na biya kuɗin haya da ita a shekarar farko.

Batun Baba kuma, ba ƙin ci gabanka yake ba, ya ga albashi mai zuwa ƙarshen kowane wata ne za a saki. Nawa mahaifin bai sauko ba sai ranar da na nuna masa sunayen masu biya. Ka je masa da irin wannan, ka nemi albarkarsa.

Ba ka gaya mana ba: wace irin manhaja ce, kuma akwai wanda ya taɓa biyan ka a kanta? Allah ya yi jagora.