Yaya Zan Yi Bankwana da Alƙahira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Azhar, shekarata shida ke nan a birnin Alƙahira, kuma saura wata biyu in tattara kayana in koma gida. Abin da yake ba ni mamaki shi ne, a shekarata ta farko babu abin da nake fata kamar ranar tafiya, amma yanzu da ta matso sai zuciyata ta yi nauyi, har ina jin kunyar gaya wa iyayena, kada su ɗauka ba na ɗokin ganinsu. Shin laifi ne mutum ya so garin da ba nasa ba? Kuma yaya ake sallama da gari?

Wani ɗalibi, daga Alƙahira

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Babu laifi ko kaɗan, kuma ka daina jin kunya. Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma shekara shida a wuri guda ba ƙaramin sabo ba ne, musamman ga wanda ya je yana saurayi ɗanye, ya koyi harshe, ya koyi riƙe kansa, duk a titunan garin. A matsayinka na ɗalibin Azhar ka fi ni sanin cewa lokacin da sahabbai suka isa Madina, zazzaɓi ya kama Bilal yana begen Makka, sai Manzon Allah (SAW) ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko ma fiye. Ashe zuciya tana iya ɗaukar garuruwa biyu, son na biyun kuma ba butulci ba ne ga na farkon.

Game da yadda ake sallamar kuwa, a nan nake so ka natsu, domin mafi yawan masu tafiya kuskure ɗaya suke yi. Sukan ƙare makonninsu na ƙarshe suna zagayen gine-gine da ɗaukar hotuna, sannan su bar mutane sai daren tafiya. Masallacin Azhar yana tsaye tun shekara ta 972, na Ibn Ɗulun ma ya girme shi da kusan shekara ɗari, ganuwar Salahuddin tana kan tudunta tun ƙarni na 12, Kogin Nilu kuwa ba ya bukatar a yi masa lissafi. Idan Allah ya ƙaddara ka koma bayan shekara ashirin, duk za ka same su. Abin da ba za ka samu ba shi ne Alƙahirar da ka sani, wato abokan ɗakinka da za su watse zuwa Indunisiya da Senegal da sauran ƙasashe, da malamin da yake kiran sunanka a da'irar karatu, da mai gadin gidan da ya taɓa raka ka asibiti cikin dare. Wannan garin yana rushewa ne a ranar da kuka rabu, saboda haka shi ya fi cancanta da lokacinka.

Shawarata ita ce ka rubuta sunayen mutanen da suke da hakki a kanka, ka fara bin su tun wannan makon, ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka ba ta waya ba. Ka fara da malamai da tsofaffi, domin su ne ba lallai a sake haɗuwa ba. Ka gaya wa kowa takamaiman alherin da ya yi maka, kada ka tsaya a godiya ta gaba ɗaya. Wanda kuka taɓa saɓawa da shi ka nemi yafiyarsa, wanda yake bin ka bashi ka biya, littafin aro kuma ka mayar wa mai shi. Kada kuma ka yi alkawarin da ba ka da ikon cikawa, irin su cewa za ka dawo baɗi; ka ce in Allah ya yarda, ka tsaya a nan.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu cikin kwanciyar hankali ba idan takardu suna kanka. Ka gama da su a watan farko: takardar shaidar karatu da hatimin ma'aikatar harkokin wajen Masar da na ofishin jakadancin ƙasarku, izinin zamanka kada ya ƙare kafin ranar tashi, sannan ka daidaita da mai gida a kan haya. Littattafai kuwa suna da nauyi, ka tura su tun da wuri.

Bayan haka ka ware wa kanka yini guda kai kaɗai. Ba sai ka je dala ta Giza ba. Ka bi hanyar da ka saba bi kullum zuwa karatu, ka zauna inda ka saba zama, idan hawaye ya zo ka bar shi ya zuba.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba amma ya kamata ka shirya masa. Tun 1963 wasu masana Amurkawa biyu, John da Jeanne Gullahorn, suka yi bayanin cewa mai komawa gida yakan sake fuskantar irin baƙuntar da ya sha a ƙasar waje. Makonnin farko murna ce, daga baya sai ka ga ƙannenka sun girma, abokai sun yi aure, mutane kuma suna gajiya da labarin Masar bayan minti biyar. Dama an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hakan yana wucewa a hankali, kuma yana sauƙi idan ka riƙe zumunci da mutum biyu ko uku da kuka zauna tare a can, waɗanda ba sai ka yi musu dogon bayani ba.

Iyayenka kuma ka gaya musu gaskiya tun yanzu, cewa kana ɗokin ganinsu kuma kana jin ciwon rabuwa da garin da ya riƙe musu kai shekara shida. Ina kyautata zaton mahaifiyarka za ta ce ka isar da gaisuwarta ga mai gadin nan.