Garin wanke bango ya shiga idon yarona, an matsa masa lemun tsami

TAMBAYA: Likita, Allah ya ƙara basira. Ni mai fenti ne a nan Yamai, ina da yara huɗu da ke koyon aiki a hannuna. Kafin mu shafa fenti muna wanke bango da wani farin gari mai kama da gishiri, a jikin buhun an rubuta phosphate trisodique. Shekaranjiya ƙaramin cikinsu yana damawa a bokiti ya fantsamar masa a idon hagu. Na ɗauko buta zan wanke masa, wani dattijo mai gadin gidan ya hana ni, ya ce ruwa ƙara tada shi yake yi, aka matsa masa lemun tsami. Ya yi ihu sosai. Yau ya ce zafin ya ragu, amma yana gani dishi-dishi. Amanar iyayensa ce a hannuna, ko barci ba na yi. Warkewa ce ta zo ko me?

AMSA: Malam, kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa ka ɗauki yaron nan ku je wurin likitan ido, ko a Babban Asibitin Ƙasa ko a asibitin Lamorde, yau ɗin nan. Raguwar zafin ce ta fi tayar mini da hankali. Idan wannan sinadari ya ci gilashin ido, yakan kashe ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, sai mutum ya ji sauƙi alhali ɓarnar tana tafiya. Ka ɗaga masa fatar ido ka duba a haske. Idan jajur yake, jini na zagayawa, da sauran dama. Idan ka ga gefen baƙin ya yi fari fat kamar alli, ko baƙin ya yi hazo, wannan ya fi muni. Ko wanne ka gani, ba a gida za a yanke hukunci ba.

Ka riga ka san aikin garin, ba sai na koya maka ba. Abin da ba a faɗa muku lokacin saye shi ne ƙarfinsa. Giram 10 a cikin litar ruwa ɗaya yana kai wajen 12 a ma'aunin pH (ma'aunin da ke nuna ƙarfin tsami a ƙasa, ƙarfin dangin kanwa a sama), hawayen ido kuwa bai wuce 7 da ɗan kai ba, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Bai kai sodar masu haɗa sabulu ƙuna ba, amma danginsu ɗaya. Santsin nan da kake ji a yatsunka bayan ka tsoma hannu a bokiti, kitsen fatarka ne yake narkewa yana zama sabulu, kamar yadda iyayenmu mata ke haɗa ruwan toka da mai su fitar da sabulun salo. Abu mai tsami idan ya ƙona nama yakan busar da wurin ya yi ɓawo, ɓawon ya tare masa hanya. Wannan kuwa narkar da naman yake yi ya ci gaba da nutsewa.

Yanzu bari in zo kan maganar dattijon nan, don ita ce nake fama da ita kusan kullum a wurin aiki, har ta ishe ni. Na san inda tunanin ya samo asali, daga madafa ne. Kowa ya ga an jefa kanwa a miyar yakuwa tsaminta ya mutu, sai aka ce to idan abu mai kama da kanwa ya shiga ido, a kashe shi da tsami. A tukunya haka ne. Amma a tukunya kana ɗanɗanawa, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, idan ya ɓaci ka zubar ka sake. A ido wa zai auna maka? Ruwan lemun tsami shi kansa pH ɗinsa wajen 2 ne. Ka zuba shi a kan idon da fatarsa ta riga ta saɓule, ƙuna biyu ke nan a wuri ɗaya. Sannan ɗigo uku na lemu ba za su fitar da ƙwayar garin da ta maƙale a ƙarƙashin fatar ido ta sama ba, tana nan tana narkewa a cikin hawaye awa bayan awa. Mafi ciwo shi ne lokacin da ake ɓatawa. Mintunan farko su ne ke raba mai gani da makaho, su kuma ake kashewa wajen neman lemu da wuƙa. Na ga wanda aka ɗiga wa nonon mai shayarwa, na ga na man kaɗe, na ga na zuma, na ga wanda aka rambaɗa wa kwalli. Na taɓa karɓar wani magini da aka ɗaure wa ido da tsumma kwana uku, da muka kwance ƙwayoyin farin gari na nan daram a ciki. Duk a wuraren nan akwai ruwa a kusa, ko randa ko buta ko famfo. Batun cewa ruwa na tada shi ƙarya ce. Ido dama a jiƙe yake, garin ya riga ya sami ruwan da zai narke. Abin da ya rage shi ne a yi masa yawa har a kore shi. Butar da ka ɗauko ita ce maganin, hannunka ya yi daidai, kunyar babba ce ta sa ka ajiye. Dattijon bai yi da mugunta ba, amma girmama furfura bai kai a ba da idon yaro ba.

Idan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, a kwantar da mutum, idon da ya samu matsala yana ƙasa don kada ruwan ya gangara cikin ɗayan. Wani ya buɗe fatar idon da yatsu ko da yana fizgewa, wani ya riƙa tsiyaya ruwa daga gefen hanci, yana juya ƙwayar idon sama da ƙasa. Minti 20 zuwa 30, a duba agogo, don minti biyu kan yi kama da goma ga mai jin zafi. Ruwan famfo ya isa, ruwan leda ma ya isa. Bayan nan asibiti. A fata, a kakkaɓe busasshen garin tukuna, a tuɓe rigar, a yi ta kwarara ruwa. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tsamiya, ya kurkure baki a wuce da shi.

Wajen aiki, tabarau mai rufe gefe da gefe nake so ka fara saya, ba na rana ba, sai safar hannu ta roba mai tsawo da takunkumi lokacin ɗibar garin. A zuba ruwa a bokiti tukuna sannan a bi da garin a hankali, a dama da sanda. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, ƙurar kan zauna a wuya da hammata, gumi ya narkar da ita, yaro ya tashi da ɗuri-ɗuri ya ce ƙurajen zafi ne. Su yi wanka su canza kaya kafin su tafi gida. Gwangwanin madarar da wasu iyayen gida ke rabawa bayan aikin ƙura ba ya wanke huhu. Kada a dama shi a tukwanen alminiyom irin na kasuwar Katako, yana cin ƙarfen har ya fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, bokitin roba ya fi. Kuma don Allah kada a juye shi a robar lemu ko gwangwanin sukari marar rubutu, a gidan da ake aiki akwai ƙananan yara.

Wannan hatsarin aiki ne, dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora kariyar ma'aikaci a wuyan mai ba da aiki, kuma CNSS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ce ke kula da irinsa ga waɗanda aka yi wa rajista. Takardun su biyo baya. Yanzu ka ɗauki hoton rubutun buhun a wayarka ka nuna wa likitan, ka gaya masa ranar da sa'ar da abin ya faru, kada ka ɓoye maganar lemun, kuma kada ka tsaya a farmasi ka sayi maganin ɗigawa a hanya. Ka kira iyayensa kafin ku fita. Allah ya ba shi lafiya.