Amsa: Yadda makaranta za ta tara kuɗi ba tare da ɓata muhalli ba

Malama, kin tambayi hanyar da makarantarku za ta bi ta tara kuɗin gyaran ajujuwa ba tare da an bar tulin shara a baya ba. Shawarata ita ce ku keɓe wani lungu a harabar makaranta domin renon itatuwa, ku sayar da dashen idan damina ta kankama. Ɗalibai su tsinto ledojin fiya wata da ke toshe magudanan ruwa, a yanke bakinsu, a huda gindinsu, a cika su da ƙasar da aka gauraya da takin dabbobi, sannan a shuka zogale da gwanda da gwaiba da darbejiya. Jarin da ake buƙata kaɗan ne, kuma iyayen yara ne masu saye na farko, musamman idan aka baje dashen ranar taron iyaye da malamai.

Sharaɗin da na ga yana rusa irin wannan aiki shi ne ruwa. Domin dashe ya isa sayarwa a Yuni ko Yuli, dole a shuka tun cikin Maris, wato a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ƙasar cikin leda ke bushewa kafin la'asar. Saboda haka kada ku fara sai kun tabbatar da rijiya ko famfo a kusa, da rumfar inuwa, da shingen da zai hana awaki shiga, da kuma wanda zai ci gaba da ban ruwa safe da yamma idan ɗalibai sun tafi hutu.