Ƙwallona na karkacewa, in sayi sabuwar sanda ko in aika gida?

Wani matashi ɗan Tawa ya rubuto mana nan Yamai daga Abijan, inda yake aikin ɗaukar jakar sanduna a filin golf. Ya ce ranar da babu baƙi ana barin su su buga, kuma wanda ya iya bugu shi manyan 'yan wasa ke nema ya riƙe musu jaka. Damuwarsa ita ce yau ƙwallo ta tafi sak, gobe ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin itatuwa. Yana son ya tsallake aika kuɗi gida na wata biyu ya sayi doguwar sanda sabuwa. Katinsa na ofishin jakadanci kuma ya ƙare.

Ƙanena, kada ka taɓa kuɗin gida. Sanda ba ta da laifi. Seve Ballesteros na Sifen, wanda ya ci Masters, babbar gasar golf ta Amurka, a 1980 da 1983, da ɗaukar jaka ya fara kamar kai, kuma da ƙarfe ɗaya mai lamba 3, wato sanda mai kan ƙarfe, ya koyi bugu a bakin teku. Abin da ke canzawa tsakanin jiya da yau yana hannunka da ƙafarka, tun sanda ba ta motsa ba.

Fara da riƙo, don a nan yawancin cutar take. In kai badame ne, hannun hagu ke sama. Sanda ta kwanta a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba. Ka duba ƙasa: ya kamata ka ga gaɓoɓi biyu ko uku na bayan hannun hagu, kuma tsagin da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya nufi kafaɗar dama. In gaɓa ɗaya kawai kake gani, fuskar sanda za ta iso ƙwallo a buɗe, shi ne take gudu dama. Ƙaramin yatsan dama ka ɗora shi kan manunin hagu, ko ka sarƙe su kamar yadda gwanayen golf Jack Nicklaus da Tiger Woods suke yi. Duk wanda ka zaɓa, ka zauna a kansa. Na san 'yan jaka, kowane baƙo ya zo sai su kwaikwayi riƙonsa, a ƙarshe ba su da nasu. Kuma kada ka matse har jijiyar hannu ta tashi, domin wuyan hannu mai tauri ba ya sakin sanda.

Tsayuwa ba ta da wuya, mantuwa ce ke ɓata ta. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan saki, ka sunkuya daga ƙugu, hannuwa su rataya da kansu. Ga gajerun ƙarafa ƙwallo na tsakiya, ga doguwar sanda tana daidai da dunduniyar hagu. Duk lokacin horo ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa ta nufi inda kake so, ka jera ƙafafu da kafaɗu da ita. Mai ƙwallo mai gudu dama yakan juya jikinsa hagu don ya rama, sai lanƙwasar ta ƙaru.

Saki kuwa, wato warwarewar wuyan hannu lokacin da kan sanda ke isa ƙwallo, ba a yi masa dole. Ka tuna majajjawar korar tsuntsu a gonar gero: jiki ke juyawa, igiya na biye, dutse ya fita a kan lokacinsa. Ka fara saukowa da mayar da nauyi kan ƙafar hagu, ƙugu ya juya, hannuwa su biyo. In ka jefa kan sanda tun daga sama, ƙarfin ya ƙare kafin ka iso. Da ƙarfe, hannuwa su ɗan riga kan sanda, ka taɓa ƙwallo sannan ƙasa. Ɗauki mai lamba 7, haɗa ƙafafu wuri ɗaya, ka yi rabin bugu, daga ƙugu zuwa ƙugu. In ka yi tangaɗi, ƙarfi ya yi yawa. Sai ka iya gama bugu cikinka na kallon rami, nauyi a hagu, ka tsaya har ƙwallo ta sauka, sannan ka koma cikakken bugu.

Maganar takardu ta fi gaggawa. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan Nijar har sai an ba da wata sanarwa, amma wannan ba ya ceton mai katin da ya ƙare. Ka je ofishin jakadancinmu na Abijan ka sabunta, ka duba ranar ƙarewar fasfonka. Ka kuma roƙi masu filin su ba ka takardar shaidar aiki mai hatimi, tunda ana biyan ku ne bayan kowane zagayen ramuka 18 babu takardar albashi. Ka ɗauki hotonta ka tura wa wani amintacce a Tawa ya adana.