Hutun kwana uku a wurin wasan yara, zai biya kuwa?

Tambaya: Salam Anti, ni da maigida muna son kai yara irin manyan wuraren wasan nan masu lilo da jirgi mai juyi a sama, amma hutun da ya samu kwana uku ne kacal, yaran kuma ɗaya shekara 9 ɗaya 3. Anya ba asarar kuɗi za mu yi ba? Daga Maman yara biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, ni dai a ganina zai biya in wurin ba shi da nisa, amma in zuwa zai ci kwana ɗaya dawowa ma kwana ɗaya to gajiya kawai za ku sayo. Kuma ku zaɓi wuri ɗaya tak, Disney World da ke Florida a Amurka ma wuraren wasa 4 ne a ciki, ba mai gama su a kwana biyu.

Abin da mutane ke mantawa shi ne layi, sai ki tsaya awa guda a rana saboda lilon da bai wuce minti biyu ba, ga ƙaramin yana ta rigima, sannan yawancin manyan lilon tsayin yaro ake aunawa a bakin ƙofa, in bai kai ba sai haƙuri, ki duba wannan tun kafin ku biya. Ku sayi tikiti ta intanet, ku isa kafin a buɗe, da rana ku koma otal yara su yi barci ku dawo da yamma. In da hali kuma ku kauce wa ƙarshen mako.