Amsa ga yarona kan Raspberry Pi

Ka tambaye ni, ɗana, ko 'yar kwamfutar nan ta Raspberry Pi za ta iya maye gurbin kwamfutar tebur a aikin yau da kullum. Za ta iya, matuƙar aikin bai wuce buga takardu da LibreOffice da shiga intanet ba, musamman Pi 5 da ta fito a 2023. Yadda ake ɗora mata Linux, manhajar da ke tafiyar da ita a madadin Windows, a kan katin microSD kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, domin wanda ya shekara a shagona bai iya wannan ba gara ya koma tallar caja.

Wani mai makarantar koyar da kwamfuta ya zo wurina a 2022, lokacin da kayan nan suka yi ƙaranci a duniya, kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Da kyar na haɗa masa Pi 4 guda goma, kowace da cajarta ta asali mai volt 5 da amfiya 3, ya ba da rabin kuɗi, ya ce saura sai ƙarshen wata. Na faɗa masa a gaban shaidu cewa furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, samfurin ARM ce, ba irin ta kwamfutar tebur da aka saba ba, don haka CorelDraw da sauran manhajojin Windows ba za su hau ba, kuma kada a kashe janareto sai an rufe kowace yadda ya kamata, domin kati ba ya jure yankewar wuta yana tsakiyar aiki. Ashe bawan Allahn nan ya kwashe cajojin ya sayar, ya sa na wayar hannu masu arha, ɗalibansa kuma suna zare filogi yadda suka ga dama. Da katunan suka lalace sai ya dawo yana rantsuwa wai jabu na sayar masa. Dattawan kasuwa suka zauna suka ce in yi haƙuri, kuma har yau ban ga ragowar kuɗina ba.

Ku yaran yanzu da kun kalli bidiyo ɗaya a YouTube sai ku ɗauka kun ƙure sani. Kada kaya su fita shagon nan sai an biya cif, kuma ka tambayi mai saye manhajar da yake aiki da ita tun kafin ka buɗe kwali. Ka sa masa SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ta fi ƙarko, maimakon kati. Idan Pi 5 ce, sai caja mai watt 27 da fanka, don a zafin Kano na watan Afrilu da kanta za ta rage gudu idan ta ɗauki zafi.