Likita ya ƙara wa Baba maganin hawan jini: ko zai illata ƙodarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yi wata shida yana shan lisinopril, amma awonsa bai sauka daga 160/100 ba, ga busasshen tari da ke hana shi barci. Likita a asibitin Shika ya canza masa zuwa amlodipine da hydrochlorothiazide. 'Yan'uwa na cewa haɗa magani biyu kashe ƙoda yake yi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ke cinye ƙoda shi ne hawan jinin da aka bari a 160/100 wata da watanni. Canjin da likitan ya yi kuwa yana da hujja.

A 2019 an wallafa binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan baƙaƙen fata 728 a ƙasashen Afirka shida. An raba su kashi uku, kowane kashi da nasa haɗin magani biyu, har wata shida. Waɗanda haɗinsu ke da amlodipine sun fi samun saukar awo, da kusan maki 3, a kan masu shan perindopril da hydrochlorothiazide. Perindopril dangin lisinopril ne. Wannan dangi yana aiki ne ta hanyar sinadarin renin, wanda yake da ƙaranci a jikin yawancin mutanenmu, shi ya sa shan shi kaɗai sau da yawa ba ya wadatarwa. Tarin ma sananniyar illarsa ce, yakan tafi cikin 'yan makonni bayan an daina sha.

Sai dai binciken awo kawai ya duba, bai ƙidaya waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki ba. Hujjar cewa saukar awo na kare mutum daga hakan daga wani nazari na 2016 take, wanda ya tattara gwaje-gwaje 123: duk saukar maki 10 a lambar sama tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin ɗari, gazawar zuciya da kashi 28, mutuwa da kashi 13.

Akwai inda lissafin ke canzawa. Idan Baba na da ciwon suga kuma furotin na fita a fitsarinsa, dangin lisinopril na kare ƙoda, don haka a tuna wa likita. Yakan ba da losartan, wani maganin hawan jini mai kare ƙoda kamar lisinopril, wanda bai cika sa tari ba.

Amlodipine na iya kumbura idon sawu. Hydrochlorothiazide na ƙara fitsari, a sha shi da safe, kuma yana zubar da gishirin jiki, saboda haka a yi gwajin jini na ƙoda bayan 'yan makonni. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne diclofenac da ibuprofen da dattawa ke saye a kemis don ciwon gwiwa: suna ɗaga awo, suna kuma taɓa ƙoda. Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da na dunƙulen miya, a kuma rage kanwa.

Wajen awo, Baba ya zauna minti 5 ya jingina, hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu safe da yamma har kwana 7, a rubuta a kai wa likita. A awon asibiti ana neman ƙasa da 140/90. Ko ya sauka, kada ya daina shan magani sai da izinin likita.